Murar da Damina Ba Ta Wanke Ba

Daga watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta juyo daga arewa maso gabas, hazo kan lulluɓe Ƙauran Namoda har mutum ya tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya kasa hango nesa. Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi kuwa, ƙurar da kofaton dabbobi da tayoyin manyan motoci ke tayarwa takan haɗu da wadda iska ta kawo, sai ka ga kowa ya ja rawani ko gyale ya rufe hanci, ana ciniki ana atishawa. A irin wannan lokaci mura ba labari ba ce. Ta kama yaro ta kama babba, ta yi mako guda ko kwana goma ta saki. Amma a cikin taron akwai waɗanda ba ta saki. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, damina ta sauka ta kwantar da ƙura, su kuwa hancinsu na nan a toshe, majina mai kauri na gangara musu ta maƙogwaro, goshi da kumatu sun yi nauyi, abinci ya daina ƙamshi. In ka tambaye su sai su ce sanyi ne, ko su ce su dama can masu yawan mura ne. Hujjar da nake son kafawa ita ce, waɗannan bayin Allah sun daɗe da fita daga sahun masu mura. Naman cikin hancinsu ne yake sauya kama a hankali, kuma duk shekarar da ta wuce ba a kula ba tana rage yiwuwar ya koma yadda yake. A yankin da likitan hanci yake nesa, hanyar zuwa wurinsa kuma ba ta da aminci, jinkiri shi ne abin da ya fi komai tsada, alhali kulawar farko ba ta fi ƙarfin talaka ba.

Sai an san yadda wurin yake kafin a gane abin da ke lalacewa. A cikin ƙasusuwan fuska akwai wasu ramuka masu iska, kowanne kogo ne mai zaman kansa, huɗu a dama huɗu a hagu: na kumatu, waɗanda su ne manya, da na goshi, da wasu masu ɗakuna-ɗakuna a tsakanin idanu, da wasu can ciki a bayan hanci, dab da gindin ƙwaƙwalwa. Kowanne yana da ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Ƙofar kogon kumatu faɗinta bai wuce 'yan milimita ba, kuma a sama take, don haka majina ba ta iya tsiyayewa da kanta in mutum yana tsaye. Abin da ke fitar da ita shi ne wani tantani mai laushi da danshi da ya shimfiɗu a bangon kogunan da na hanci. A kan tantanin akwai miliyoyin ƙananan gasu waɗanda ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa guda, suna tura majina ta hau ta fita ta ƙofar, ta bi bayan hanci ta faɗa maƙogwaro. Lafiyayyen mutum kan haɗiye kusan lita guda ta wannan majina a kullum bai ma sani ba, kuma a cikinta ne ƙura da ƙwayoyin cutar da ya shaƙa suke tafiya. Muddin ƙofa na buɗe, gasun na kaɗawa, majina na da ruwa-ruwa, to lafiya lau. Ɗaya daga cikin ukun nan ya samu matsala, sauran biyun ma sai su bi shi.

A arewacin Zamfara kuwa duka ukun suna shan bugu kusan rabin shekara. Mafi yawan ƙurar hunturu daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Tana zuwa da iska busasshiya wadda ke tsotse danshin hanci, majina ta yi kauri ta daskare, tantani ya tsattsage, shi ya sa haɓo yake yawa a wannan lokaci. A kan wannan sai a ɗora ƙaiƙayin sussuka da shiƙar gero da dawa, da garin da ke tashi a wurin injin niƙa, da ƙurar titin da ɗan kabu-kabu ke sha daga safe zuwa magariba, da hayaƙin ɗanyen itace da karan dawa a madafar da ba ta da taga, da wutar jin ɗumi da ake kwana da ita a ɗaki a rufe. Mutanen Zurmi sun ga iyakar abin da raunin wannan tantani ke iya jawowa. A ƙarshen 2016 annobar sanƙarau ta ɓulla a ƙaramar hukumarsu, ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, kuma kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an lissafa fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Sanƙarau cuta ce daban, ba ita muke magana a kai ba, amma ƙwayar da ke kawo ta a bayan hanci take zama, kuma ɗaya daga cikin manyan bayanan da masana ke yi kan dalilin da ya sa take ɓarkewa da rani shi ne, ƙura da bushewa kan raunana tantanin har ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Tantanin da ya bar wa sanƙarau ƙofa cikin 'yan kwanaki, shi ne dai wanda a wasu mutane yake kumbura ya ƙi sacewa shekara da shekaru.

Likitocin hanci sun sa iyaka a mako 12. Mutumin da ya wuce wata uku da toshewar hanci ko zubar majina, ta gaba ko ta maƙogwaro, haɗe da nauyin fuska ko raguwar jin ƙamshi, ya shiga abin da suke kira daɗaɗɗen kumburin kogunan hanci. In aka yanko ɗan guntun tantanin irin wannan mutum aka duba a madubin likita, abin da ake gani ya bambanta da na mai mura ta kwana bakwai. Ƙananan gasun nan sun zube a wurare da dama, waɗanda suka rage kuma sun gajarce ko suna kaɗawa ba tsari. Ƙwayoyin halittar da ke yin majina sun ƙaru, suna fitar da mai yawa kuma mai danƙo. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin tantanin ta yi kauri. A wasu wuraren ma fatar ta rikiɗe gaba ɗaya ta zama irin wadda ba ta da gashi ko ɗaya. Manomi ya san wannan a tafin hannunsa: ƙotar fartanya takan fara da sa bororo, in aka ci gaba sai wurin ya yi kanta. Bambancin kawai shi ne, kanta a hannu amfani take yi wa mai noma, a cikin hanci kuwa tana nufin wurin ya daina aikin da aka halicce shi dominsa. Majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu mazauni su yi wa kansu wani rufi mai yauƙi wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi, kumburi ya ƙaru, ƙofa ta ƙara tsukewa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A wasu mutane tantanin yakan cika da ruwa ya yi lumtsum har ya zazzago ya zama tsiro, wani nama mai laushi, fari-fari, wanda ba ya zafi in an taɓa shi. Yakan fara daga tsakanin idanu ya sauko, yawanci a hanci biyun, wani lokaci har a hango shi a ƙofar hanci. Wannan nau'i shi ya fi kashe jin ƙamshi, kuma sau da yawa tare yake tafiya da asma. A wasu kuma tabo ne ke yawa, naman ya yi tauri ya tamke, sai nauyin fuska da majina mai ruwan ɗorawa su fi damunsu. In abin ya daɗe ƙwarai, ƙashin da ke bayan tantanin shi ma yakan kumbura ya yi kauri, kuma likitocin fiɗa sun san cewa masu irin wannan su ne ciwonsu ya fi taurin kai. Akwai kuma nau'in da funfuna ke haddasawa, wanda aka fi sani a ƙasashe masu zafi da bushewa. Tun shekarun 1960 likitoci a Sudan suka bayyana wani kumburi mai tauri a kogunan hanci wanda yake turo ido waje, kuma funfunar da ke kawo shi ita ce dai wadda ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba. Ga yankin da gyaɗa da auduga suka sa aka ja masa layin dogo har Ƙaura a 1929, kuma har gobe mutanensa na cikin rumbu da buhu, wannan abu ne da ya kamata ma'aikacin lafiya ya riƙe a ransa.

To, me wannan sauyin nama yake ci a rayuwar mutum? Abu na farko barci. Mai toshewar hanci da baki yake numfashi, ya kwana yana minshari yana farkawa, ya tashi da asuba maƙogwaro a bushe, kai ya yi dum. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya samu kusan uku cikin huɗu na masu wannan ciwo suna fama da rashin ingantaccen barci. Wanda bai yi barci ba kuwa, fushinsa kusa yake, hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda. Ɗalibi a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda zai zauna a aji yana gyangyaɗi a ce masa malalaci, direban da ke jigila zuwa Gusau kuma gyangyaɗinsa ba shi kaɗai zai shafa ba. Sannan ga nauyin fuska, wanda masu shi da yawa ke cewa yana ƙaruwa in sun sunkuya. A garin da noma da fartanya ake yi a duƙe, shara a duƙe, wanki a duƙe, kuma sau biyar a rana ana ruku'u da sujada, ciwon da sunkuyo ke tayarwa ba shi da ranar hutu.

Rashin jin ƙamshi shi ne asarar da aka fi rainawa, kuma a ganina ita ta fi cin rai. Jijiyoyin da ke ɗaukar ƙamshi a can rufin hanci suke, a wani ɗan siririn lungu. Tsiro ko kumburi ya tare lungun, iska ba ta kai musu; kumburin ya daɗe, su kansu jijiyoyin su fara lalacewa, kuma a nan ne ake samun wanda ko an buɗe masa hanci jin ƙamshinsa ba ya dawowa duka. Harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri yake rarrabewa, amma abin da ke sa a san wannan miyar kuka ce da ta ji daddawa da man shanu, waccan kuma ta kuɓewa ce, hanci ne. A duba matar da ke tsaye a gindin murhu ta daina jin ƙamshi. Ba ta san miya ta kama ba sai ta ga hayaƙi ko kishiya ta yi magana daga tsakar gida. Ba ta iya shinshina nonon da aka kawo ta san ya juya, ko naman jiya ta san ya fara. Ta ɗanɗana ta ji salam, ta ƙara gishiri da dunƙule, maigida ya ture kwano. Ta turara ɗaki da kaya, ta shafa humra, ba ta san ta yi kaɗan ko ta zarce ba. Goyonta ya ɓata wando sai wani ya gaya mata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma a gidan aure irinsu ne ke taruwa a ce mace ta zama ƙazama ko ta daina kula, alhali ba wanda ya taɓa haska fitila a hancinta. Akwai hatsari ma na zahiri, don wanda ba ya jin wari ba zai ji ƙaurin wuta ta kama dangar kara ba, ba zai ji fetur ko gas na yoyo ba.

Murya ma tana tafiya. Harafin mimun da nunun ta hanci suke fita, kuma duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san gunna ba ta yiwuwa da toshewar hanci. Mai jan baƙi a wurin tafsiri, da ladan, da limamin da zai ja tarawihi, da malamin makaranta mai yini yana magana a cikin ƙurar alli, duk da muryarsu suke aiki. Ƙasar da ta fitar da mawaƙa irin su Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi ba sai an koya mata darajar murya ba. Sai kuma abin da ba a faɗa a gaban mutum: warin baki da majinar da ta kwana ke jawowa, da yawan kaki da jan hanci a cikin sahu ko a majalisa, har a fara matsawa daga kusa da shi. Mutum ya lura, ya rage shiga jama'a. Ba mamaki binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban yake samun ciwon damuwa ya fi yawa a masu wannan lalura.

Mai karatu zai iya cewa, a yankin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa a asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda zazzaɓin cizon sauro da haihuwa ke kashe mutane, wa ke da lokacin zancen toshewar hanci? Maganar tana da nauyi, kuma in kuɗi ɗaya ne za a zaɓa tsakanin abincin yaro mai tamowa da maganin fesawa a hanci, ba mai hankalin da zai yi jinkiri. Amma zaɓin ba haka yake ba, don mafi yawan abin da wannan ciwo ke bukata a farkonsa ba ya cin gadon asibiti ko kuɗin gwamnati. Kuma auna cuta da yawan gawarwakin da ta bari kaɗai kuskure ne. A 1995 wasu likitoci biyu a Boston, Gliklich da Metson, sun auna rayuwar masu daɗaɗɗen kumburin kogunan hanci da ma'aunin da ake auna sauran cututtuka, suka samu cewa ta fuskar ciwon jiki da cuɗanya da mutane sun fi masu ciwon zuciya da masu daɗaɗɗen ciwon huhu da masu ciwon baya shan wahala. Wani babban bincike a Turai da aka buga a 2011 ya samu kusan mutum 11 cikin 100 na manya suna da alamomin ciwon. Ba za a ɗauki alƙaluman Turai a ɗora wa Zurmi kai tsaye ba, amma babu wani dalili na tunanin cewa mai shaƙar ƙurar Bodele da hayaƙin kara ya fi mutumin Turai tsira. Sannan rashin tsaron kansa ƙara ciwon yake yi: iyalan da suka baro ƙauye suka cunkushe a aji ɗaya na makaranta ko kangon gini, ana girki ana kwana a wuri guda, su suka fi kowa shan hayaƙi da mura a kai a kai. Magidancin da ya rasa gonarsa, ƙarfinsa kaɗai ya rage masa, kuma ciwon da ke hana shi barci wannan ƙarfin yake ci.

Suka ta biyu daga cikin likitoci take fitowa, kuma ta fi ta farko kaifi. An daɗe da lura cewa abin da hoton kai ke nunawa ba ya tafiya daidai da abin da marar lafiya ke ji. Wani kogunansa sun cika maƙil a hoto amma kukansa kaɗan ne, wani kuma hotonsa kusan fes amma ya hana kowa sakat. Har ila yau, mutane da yawa masu ciwon goshi da kewayen ido waɗanda suka haƙiƙance ciwon hanci ne, in aka bincika sai a tarar ciwon ɓarin kai ne. In haka ne, ina hujjar cewa sauyin nama ne ke lalata rayuwa? Amsa ita ce hoto inuwar kogo yake nunawa, ya cika ko bai cika ba. Ba ya nuna ko gasun na kaɗawa, ba ya nuna halin da jijiyar ƙamshi take ciki. Inda aka duba naman kansa, an samu alaƙa: waɗanda tantaninsu ya cika da irin ƙwayoyin jinin da ke tashi a cutar asma sun fi rasa jin ƙamshi, kuma tsironsu ya fi saurin dawowa bayan fiɗa. Akwai kuma shaidar lokaci. Claire Hopkins da abokan aikinta sun bi marasa lafiyar da aka yi wa fiɗar hanci a Ingila da Wales, suka buga sakamako a 2015: waɗanda aka yi wa aiki cikin shekara guda da fara ciwo sun fi samun sauƙi, kuma sauƙin ya fi daɗewa, a kan waɗanda suka haura shekara 5 suna fama. Masana na saɓani kan ko sauyin naman yana biyo bayan kumburi ne ko tare suke farawa, amma ko wanne ya tabbata, bai goyi bayan a zauna a jira ba. Abin da sukar ta koyar da gaske shi ne a riƙa tambayar mutum yadda yake kwana da yadda yake cin abinci. Don haka ne ma aka tsara wata takardar tambayoyi 22 da likitocin hanci ke amfani da ita a duniya, wadda kusan rabinta kan barci ne da gajiya da ɓacin rai da jin kunya. Cika ta ba ya bukatar lantarki.

Shekarun jinkirin nan kuwa ba a zaune ake yin su ba, a kemis ake yin su. Mutum ya je ya ce, “Malam, a haɗa mini na mura,” a ƙulla masa kala huɗu a leda, har da kafso na kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyu. Ya ji dama-dama, bayan mako uku ya dawo. Gajeren shan irin wannan magani ba ya warkar da daɗaɗɗen kumburi, don asalin matsalar ba ƙwayar cuta ba ce kaɗai. Abin da yake bari shi ne ƙwayoyin da suka saba da magani. Wanda ya fi wannan ɓarna shi ne maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Aikinsa tsuke jijiyoyin jini, kuma a jikin kwalinsa an rubuta kada a wuce kwanaki kaɗan. Wanda ya zarce, da maganin ya sake shi sai hancin ya kumbura fiye da da, ya ƙara ɗigawa, har ya zama ba ya iya barci sai kwalbar na ƙarƙashin matashi. Ƙwayoyin sitiroid na sha su ma suna sace tsiro cikin kwanaki, shi ya sa ake komawa gare su, amma shan su wata da watanni yana jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowane mai kemis ya sani: wasu masu tsiron hanci da asma, in suka sha asfirin ko danginsa irin su ibuprofen da diclofenac, numfashinsu kan sarƙe nan take. Garin Alabukun da ake sha don ciwon kai asfirin ne a cikinsa.

Na gida ma sai an tace. Sirace da ruwan zafi yana sassauta majina na ɗan lokaci, ba laifi in an kiyaye ƙuna, musamman ga yara. Amma garin taba da dattawa ke shaƙa don su yi atishawa “kai ya washe”, da ruwan tafarnuwa ko wasu saiwoyi masu yaji da ake matsawa a hanci, ƙona tantanin da ya riga ya raunana suke yi. Tsiron da ya leƙo kuma ba na askar wanzami ba ne. Saiwarsa na can sama tsakanin idanu, inda ƙashin da ya raba hanci da ido bai fi takarda kauri ba sosai, kuma ba duk naman da ya leƙo ta hanci ne tsiro mai lafiya ba. Masu cewa kaka da kakanni sun rayu cikin wannan ƙura ba su san wani kogon hanci ba, gaskiya ne sun rayu, amma tsohon da ke magana ta hanci yana yawo da tsumman majina a aljihu shi ma tun zamaninsu yake, an dai ɗauke shi a matsayin halitta ne. Su kuma ba su sha hayaƙin janareta da na babur da ƙona leda ba.

Abin da ya fi ƙarfin hujja a duk jagororin likitocin hanci abu biyu ne, kuma duka ana iya yin su a Shinkafi ba tare da an taka mota ba. Na farko wanke hanci da ruwan gishiri mai yawa. A tafasa ruwa rabin lita a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri mai tsabta, in da hali a ƙara ɗan bekin soda, ban da kanwa. Mutum ya sunkuya a kan kwano, ya karkata kai, ya buɗe baki yana numfashi ta nan, ya tura ruwan da babban sirinji marar allura ta hanci ɗaya ya fito ta ɗayan, sannan ya juya, ya fyace a hankali. Safe da yamma, musamman bayan dawowa daga gona ko kasuwa. Tafasa ruwan wajibi ne, don ruwan rijiya ko na gulbi ɗanye yana iya shigar da wata cutar. Mutanen da ke shaƙa ruwa su fyace a kowace alwala ba baƙin wannan aiki ba ne, sai dai ruwan alwala a ƙofar hanci yake tsayawa, kuma ruwan da ba gishiri yana yin zafi in ya shiga can ciki. Na biyu maganin fesawa mai sitiroid, irin su mometasone da fluticasone, wanda a hanci yake aikinsa, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Matsalarsa ɗaya, ba ya nuna aiki sai bayan makonni, don haka wanda ba a yi wa bayani ba zai jefar da shi rana ta uku ya koma wa na ɗigawa. Bayanin nan na minti biyu shi ne aikin da ya kamata a koya wa masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci, tare da tambaya guda da za su riƙa yi wa duk mai neman maganin mura: tun yaushe? Cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna tana horar da ma'aikatan jinya kan kunne da hanci da maƙogwaro, kuma ko mutum ɗaya mai wannan horo a kowane babban asibiti na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi zai iya tace wanda za a riƙe a gida da wanda za a tura gaba.

Turawa gaba ba ƙaramin hukunci ba ne a nan. Daga Ƙaura zuwa Gusau, inda cibiyar lafiya ta tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura suke, kusan kilomita 60 ne, mutumin Shinkafi ko Zurmi kuma sai ya fara ratsa hanyar da kowa ya san halinta kafin ya iso Ƙaura. In aikin ya fi ƙarfin Gusau sai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Zariya, ko Kano. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar Zamfara saboda rashin tsaro, ko tambayar ranar ganin likita ba ta yiwuwa. Fiɗar zamani da ake yi da siririyar na'ura mai fitila ta cikin hanci, wadda ta samo asali daga aikin Messerklinger da Stammberger a Graz ta ƙasar Ostiriya ta kuma bazu a shekarun 1980, tana buɗe ƙofofin ta cire tsiro ba tare da an tsaga fuska ba. Amma ba ta mayar da tantani sabo. Tsiro kan dawo wa mutane da yawa, kuma wanda aka yi wa aiki in ya koma gida ya bar wanki da fesawa, kuɗinsa ya tafi a banza. Sababbin allurai irin su dupilumab, wanda Amurka ta amince da shi don tsiron hanci a 2019, kuɗin shekara guda nasu ya fi abin da manomin Zurmi zai samu a shekaru masu yawa. Saboda haka duk wanda aka tare ciwonsa a wata na huɗu, an cece shi daga tafiyar da wataƙila ba zai iya yi ba.

Akwai dai alamomin da ba a tsaya wa ruwan gishiri a kansu. Toshewa ta hanci ɗaya tak wadda ke ƙaruwa, musamman in da jini-jini ko kumatu ya mutu ko haƙoran sama sun fara girgiɗi, tana iya zama daji, kuma dole a yanki naman a duba. Majina mai wari ta gefe ɗaya a babba sau da yawa daga ruɓaɓɓen haƙorin sama take, sai an yi maganin haƙorin. A yaro kuwa a fara zargin ƙwayar gyaɗa ko dutsen wuya da ya cusa. Idon da ya kumbura ya yi ja ko ya turo waje, ko mutum ya fara ganin abu bibbiyu, ko goshi ya kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ruɗewa, duk suna nufin ciwon ya tsallaka zuwa ido ko ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan, a ranar za a nemi mota a kai shi babban asibiti, ko da kuwa sai an jira ayarin da jami'an tsaro ke rakawa.